Ƙaiƙayin Sheme a Cikin Fanka

Kwamfutata mai ihu ce. Da zarar na kunna ta sai ta ɗan yi shiru kamar mutuniyar kirki, can kuma fankar da ke cikinta ta tashi, fuuuu, ba za ta sauko ba sai na kashe ta, ko ita ta kashe kanta don zafi. Malamar da ke ɗakin kusa da nawa a gidan malamai na Sabuwa ta taɓa leƙowa ta taga ta ce, "Malama, injin markaɗe kika sayo ba labari? Mu kawo tattasai?" Na ce ta kawo, har da wake in tana so. Muka yi ta dariya. Ba a jima ba aka yi mata canjin wurin aiki, ɗakinta ya zama na ɓeraye, na rasa ko mai yi mini tsiyar.

Ni malamar firamare ce. Aurena ya mutu tun da daɗewa, ban haihu ba, kuma masu tambayar dalili na gaji da su. Gidan malaman ɗakuna ne a jere, amma yawancinsu a kulle suke, kowa ya kwashe iyalinsa ya kai babban gari saboda halin rashin tsaro da ake ciki. In an tashi daga makaranta, yara suka watse da hayaniyarsu, sai ni da randa da buta. In dafa ɗan abin da zan ci, in ci ni kaɗai, in wanke kwano ɗaya. Wallahi akwai ranakun hutun da nake wuni ban buɗe baki ba sai a sallah.

Kwamfutar irin ta ɗorawa a cinya ce, kuma ta hannu, wani ya riga ni amfani da ita. Na saye ta lokacin da nake karatun ƙaro ilimi da ake yi a lokacin hutu, aka ce kowa ya rubuta bincike. Ni na zaɓi waƙoƙin da mata ke yi wajen daka da sussuka, don na san inda zan samo su ba tare da na roƙi kowa ba. Innata, a Sheme, in ta kama taɓarya ta saki murya, har matan maƙwabta sukan tsaya da nasu dakan su saurara.

Sai dai akwai abin da ke tsakanina da Inna. Ni ce 'yar farinta, kuma duk wanda ya tashi a wajenmu ya san abin da hakan ke nufi. Inna ba ta taɓa kiran sunana ba. Ana yaye ni aka kai ni Ruwan Godiya wurin kakata, can na yi wayo. In na zo Sheme hutu ba ta duban idona. Tuwo zai sauka, ina zaune a gabanta, tabarma ɗaya ce tsakaninmu, sai ta juya ta ce wa autarmu, "A ce ma mutanen Ruwan Godiya su ɗauki kwanonsu." Akwai wata maƙwabciya mai suna irin nawa, ita ma ta sha, don Inna ba ta kiranta sai "mai sunan waccan". Amma in na buɗe kwanon, nawa ne mai man shanu a ɓoye ƙarƙashin miya.

Kada wani ya ce ba ta sona. Kunya ce, haka ta tarar ana yi, haka aka yi mata. Na sani sarai. Sanin bai taɓa hana ni jin zafi ba, musamman in na ji ta kira auta da sunanta, tana ja masa wutsiya kamar waƙa.

Ranar da na je ɗaukar waƙoƙin, lokacin kaka ne, an shigo da gero, tsakar gida cike da damma. Na shimfiɗa tabarma kusa da turmi, na ajiye kwamfutar a kai. Don in gwada ko sautinta na fita, sai na kunna karatun Alƙur'ani da ke ciki. Inna na sheƙa, ta saki ƙwarya.

"Subhanallahi!" Ta dubi auta, ba ni ba. "Karatu na ciki aka yada shi ƙasa kamar takalmi? Ce ma yayarki ta ɗauke shi."

Na ce wa auta ta gaya wa Inna na'ura ce kawai, ba littafi ba ne. Inna ko saurare ba ta yi ba. Ta shiga ɗaki ta fito da matashin kanta, mai audugar rimi, wanda ko auta ba ta isa ta ɗora kai a kansa ba. Ta kakkaɓe shi, ta ajiye, ta sa aka ɗora kwamfutar a kai, har ta nutse a ciki. Daga ranar sunanta ya koma akwatin karatu. In ba a aiki da ita, Inna sai ta yafa mata kallabi.

A kan matashin nan aka yi ɗaukar. Inna da auta suna sussuka suna sheƙa, ƙaiƙayi na tashi yana sauka a kan komai, ni ina ta soshe-soshe. Da farko Inna ta ƙi waƙar, wai ba za ta yi a gaban baƙi ba, ni ce baƙin. Sai da na juya mata baya, na yi kamar ina tsince wake, sannan ta fara. Fankar ta riga ta soma hargowarta tun a lokacin, amma wa ya kula? Ga luguden taɓarya, ga muryar Inna ta cika gida.

Ana cikin haka aka aiko cewa ƙanin Baba yana zaure, yana son mu gaisa. Na ce, "Ina zuwa," na fita na bar na'urar tana ɗauka. Mutumin ba ya gaisuwa ya tashi, sai da ya tambayi lafiyar duk wanda ya sani daga Faskari har Sabuwa. Da na dawo na tarar an gama aiki, na tsayar da ɗaukar. Daga baya da na zauna rubuta bincikena, iyakacin saurarena inda na ji kaina na ce ina zuwa. Me zan nema a bayan nan?

Damina na zagayowa Inna ta rasu. Ciwon bai ɗauki lokaci ba. Kafin saƙo ya same ni, kafin in samu motar da za ta tashi, an riga an kai ta. Da aka share makoki ana raba 'yan kayanta, na ce ba na son komai sai matashin.

A ranar ne auta ta ja ni bayan rumbu. Lokacin tana aure a Ƙanƙara, washegari za ta koma. Ta ce, "Yaya, kin saurari abin nan da kika ɗauka har ƙarshe?"

Na ce, "Wane ƙarshe?"

Ta ce bayan na fita zaure, ita ce ta tsokani Inna, ta ce mata ta yi hankali da bakinta, akwatin nan duk abin da aka faɗa yana riƙewa. Inna ta tsaya da aiki ta ce, "Ko bayan mutum ya tahi?" Auta ta ce ko bayan nan. Inna ta leƙa hanyar zaure, ta tabbata ba na tafe, sannan ta durƙusa gaban matashin, ta jawo shuɗin mayafinta ta lulluɓe kanta da akwatin gaba ɗaya, don kada auta ta ga fuskarta.

"Yaya, sunanki ta kira," in ji auta. "Irin kiran da ake yi wa yaro. Sannan ta sa miki albarka. Ta ce in na faɗa miki tana da rai, ba ni ba ita."

Na juya na bar bayan rumbun. Da na buɗe baki a lokacin, da ihu zan yi a gidan mutuwa.

Ina isa Sabuwa ko mayafi ban cire ba na ɗora kwamfutar a kan matashin Inna, na kunna, na ja ɗaukar zuwa bayan "ina zuwa". Fanka ta tashi. Na ƙure sauti, na manna kunne a jikin na'urar har ya yi zafi. Ina jin alamar maganar auta, ina jin wani abu kamar motsin zane, daga nan sai fuuuu. Na mayar baya, na sake. Ina cikin sakewa kwamfutar ta ɗauke ɗif. Na taɓa gindinta, kamar murfin tukunya. Na ce shi ke nan, ta mutu da muryar Inna a ciki. Sai da ta huce ta yarda ta tashi.

Mai karatu zai ce, to ki sa abin sauraro na kunne mana. Ramin da ake soka shi ya daɗe da lalacewa, tun a hannun mai ita na farko. Zai ce ki tura a waya. Wayata 'yar ƙaramar nan ce mai tocila. Ban kuwa ga ranar da zan ɗauki abin da Inna ta lulluɓe da mayafi in kai shagon masu tura waƙa ba, samari na zaune suna taunar rake suna saurare. A'a. Na ƙudura cewa fankar nan ce ta tsaya tsakanina da uwata, kuma sai na ga bayanta.

Babu abin da ban yi ba. Wani malami a makarantarmu ya ce yawan abubuwan da nake buɗewa a lokaci guda ne ke wahalar da ita, na rufe komai, na goge hotuna da finafinan da mai ita na farko ya bari. Ta ɗan sassauta, ta koma. Na ja matashin kusa da randa inda ƙasa ke da sanyi. Na zauna da mafici ina yi mata fifita kamar amarya, hannuna ya gaji, ita ko a jikinta. Na sa baki a 'yan ramukan gefenta na hura har na ga jiri. Rannan haushi ya kama ni na ɗaga hannu zan kai mata mari, na ce, "Ke, don Allah ki yi mini shiru, magana nake son ji!" Sai na tuna abin da ke cikinta, na sauke hannun. Na dubi kaina, mace da girmanta tana faɗa da na'ura a ɗakin da ba kowa, sai hawaye.

Kullum bayan la'asar aikina ke nan. In kunna, in manna kunne, ta yi zafi, ta mutu, in jira. Kuma lokacin da take ɗauka kafin ta mutu sai raguwa yake yi. Tsoron kada wata rana ta ƙi tashi gaba ɗaya shi ya sa na kira auta. Ta ce akwai mai gyaran waya da kwamfuta kusa da kasuwar Ƙanƙara, maƙwabcin mijinta ne, mutum ne mai riƙon amana, ba ya leƙa abin mutane.

Da aka yi hutun tsakiyar zango na naɗe kwamfutar a zane na kama hanya. Motar ta bi ta Sheme, ta tsaya a bakin titi ana sauke buhuna. Daga inda nake zaune ina hango kan lungunmu. Masu tallar gyaɗa suka yanyame tagar. Ban sauka ba. In sauka in ce wa wa na zo? Na rungume ƙunshina har motar ta tashi.

Mai gyaran dattijo ne mai furfura a gemu, shagonsa ɗan ƙarami, ranar kasuwa ce ana ta shiga da fita. Muka gaisa, na ce, "Malam, fankarta ce ta hana ni sakat. Amma don girman Allah kada a taɓa abin da ke ciki."

Ya ce, "Ba ruwana da cikinta, Malama, bayanta zan buɗe." Ya kunna ta ya saurara, ya kashe, ya kifa ta a kan tebur. "A kan me kike ɗora ta in kina aiki?"

Na ce, "Matashi."

Ya nuna mini wasu ramuka a gindinta, waɗanda ban taɓa kula da su ba. Ya ce ta nan take shaƙar iska, ta gefe take fitarwa. In aka ɗora ta a kan abu mai laushi, katifa ko matashi ko bargo, an toshe mata hanci, sai fankar ta yi ta gudu tana neman iskar da babu, tana kuma zuƙe duk abin da ta samu. Na ce ai akwai karatu a ciki, shi ya sa ba a ajiye ta a ƙasa. Bai yi dariya ba. Ya ce, "To ai an kyauta. A samo mata kujera 'yar tsugunno, ta katako. Ta bar ƙasa, ta kuma samu iska."

Ya kwance ƙusoshin ya jera su a murfin kwalba, ya ɗaga bayan. Fankar da ta addabe ni ashe 'yar mitsitsiya ce, ba ta fi bakin ludayi ba. Ya danne ta da tsinke don kada ta juya, ya sa tsohon burushin haƙori yana sharewa, yana hurawa da wani ɗan famfon roba. Sannan ya sa ɗan hantsaki a bakin mafitar iskar, ya zaro wani dunƙule kamar gashin da ake cirewa a matsefi. Ya ɗora a kan takarda ya turo mini.

"Kin ga abin da ya shaƙe ta. A masussuka kike aiki ne?"

Na duba. Ƙaiƙayin gero ne, ya haɗu da audugar rimi ya dunƙule. A jikinsa akwai wasu siraran zaruruwa shuɗɗa.

Ya kai hannu zai share a kwandon shara, na ce, "Tsaya, Malam. Ba ni." Ya dube ni, ya dubi dunƙulen, bai tambaye ni komai ba, Allah ya saka masa da alheri. Ya naɗe mini a takardar, na ƙulle a bakin mayafina. Ya goge wani busasshen abu a kan ƙwaƙwalwar na'urar, ya shafa sabo mai kama da man goge baki, ya ce shi ke janye zafi. Ya mayar da komai ya kunna. Muka jira. Na ce, "Ta lalace ne?" Ya ce, "Tana aiki. Haka ya kamata ki riƙa jin ta."

Auta ta so in kunna a ɗakinta mu ji tare. Na ƙi. Na ce ita ta ji nata da kunnenta tun Inna na da rai, wannan nawa ne. Ta ce, "Yaya, ke dai halinki sai ke." Na kwana ɗaya na juyo. A kasuwa na sayi kujerar kafin in shiga mota.

Na iso Sabuwa da rana tsaka. Na share ɗaki, na yi alwala, ban san dalili ba. Na ajiye kujerar a tsakiyar tabarma, na ɗora kwamfutar, matashin Inna na rungume shi a cinya. Na kunna. Shiru. Har kukan kurciya nake ji daga bishiyar makaranta. Na buɗe ɗaukar, na ja ta zuwa inda na ce ina zuwa.

Fuuuu.

Na zabura. Na ce amma mutumin nan ya cuce ni! Na kai hannu gefen na'urar, iska mai sanyi ce ke fita a hankali. Na tsayar da ɗaukar, ƙarar ta ɗauke. Na sake ta, ƙarar ta dawo. Na tsayar, shiru.

Na daɗe zaune kafin abin ya gama shiga kaina. Ƙarar tana cikin ɗaukar. Na'urar da ta ɗauki muryar Inna ta ɗauki kukan fankarta tare, tun a ranar, a kan matashin nan da ke cinyata. Wataƙila can ƙasan zuciyata na daɗe da zargin haka, na ƙi dubawa, don muddin fanka na ihu ina da abin da zan ɗora wa laifi.

Duk da haka na saurara, tunda yanzu ƙara ɗaya ce ba biyu ba. Na ji auta tana tsokana. Na ji Inna, can nesa, ta ce, "Ko bayan mutum ya tahi?" Wannan ya fito, kuma da na ji shi sai da na cusa fuskata a matashin. Na ji takunta. Na ji mayafi ya sauka a kan na'urar, buf. Daga nan fankar ta haukace, don an rufe ta sama da ƙasa. A ƙarƙashin ƙarar akwai murya, na rantse akwai, tana hawa tana sauka, amma Inna ta yi ƙasa da ita don kunya, ko harafi ɗaya ba ya fita. Can sai mayafin ya ɗaga, auta ta ce amin tana dariya, Inna ta ce, "Tashi ki ba ni wuri."

Na hau tudun bayan makaranta inda ake samun sabis, na kira auta. Na ce, "Ki rantse ta faɗa."

Ta ce, "Wallahi tallahi, Yaya, ta faɗa. Ina tsaye a kanta."

Na ce, "Yaya ta faɗe shi?"

Sai auta ta gyara murya, ta kira sunana a hankali, tana ja masa wutsiya. Na daka mata tsawa na ce, "Ke ba ita ba ce!" na kashe wayar. Yarinyar ba ta yi mini laifin komai ba. Da na huce na sake kira, muka yi kukanmu, ita a Ƙanƙara ni a kan tudu, awaki na kallona.

An ce mini a manyan garuruwa akwai masu iya tace sauti su rage ƙara. Wani da na yi wa bayani ba tare da na ba shi ya ji ba ya ce in muryar ta yi ƙasa da yawa, tacewar takan tafi da ita. Ban kai ba tukuna. Ina tsoron a dawo mini da shi wanke tas, babu ƙarar, babu Inna.

Kwamfutar tana nan lafiya a kan kujerarta, ba ta ƙara mutuwa ba. Lokaci-lokaci nakan share ramukanta da burushi kamar yadda dattijon ya nuna mini. Dunƙulen ƙaiƙayin na farke bakin matashin na tura shi ciki na ɗinke. Ɗakin ya yi shiru, shirun da ban san yana da nauyi haka ba sai da na samu abin da nake nema.

Bayan la'asar, in na wanke kwanona, nakan kunna ɗaukar. Na riga na san wurin. Mayafi zai sauka, fanka za ta tashi, muryar da ke ƙasa za ta ɗan ɗaga sau ɗaya ta ja, sannan ta tsaya kamar mai jira. A nan nake cewa, "Na'am, Inna."